Ledar da ta shigo da taki: yadda wani manomin rani ya yi fama da roba a gonarsa

Gonar da mai ita

Mutumin da zan ba da labarinsa kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Ba zan kama sunansa ba, haka ma sunan ƙauyen. Ya isa a san cewa yana cikin yankin noman rani na Kadawa, kudu da birnin Kano, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ke biyo kanal yana shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Yana da eka uku a bakin kanal, da wata gonar tudu da ta ɗan fi ta girma. Da rani tumatir da albasa yake yi. Da damina kuma shinkafa a ƙasa, dawa da masara a tudu. A gida akwai shanun huɗa biyu, da 'yan tumaki da awaki na iyali.

A zamanin kakanmu, duk abin da ke shiga gona abu ne da ƙasa ke iya cinyewa: kwando, ƙwarya, buhun ashasha, igiyar rama. In abu ya mutu sai a wurga shi gefen gona, gara da damina su gama da shi. Kawu ya tashi da wannan ɗabi'a, amma kayan da ke hannunsa sun canza. Yanzu buhun takin zamani ne, da kwalaben maganin feshi, da jarkar man inji, da tiyon ban ruwa, da ledar iri, da ledar fiya wata da 'yan ƙwadago ke sha su yar a cikin fangali. Har zuwa 2015 babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin matsala a gidan. Tarkace ne a gindin wata darbejiya da ke kan iyaka, kuma iska kan rage shi.

2016: shekarar Sharon

A ranin 2016 tsutsar tumatir da masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuma suka laƙaba mata Sharon, ta afka wa gonakin Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina. Sai da jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa kuma ta dakatar da aiki don babu abin da za ta sarrafa. Tsutsar tana shigewa cikin ganye ne tana ci ta ciki, shi ya sa feshi ba ya cika samunta. Manomi kuwa in ya ga magani bai ci ba, ƙari yake yi, ya canza wani, ya haɗa biyu.

Haka Kawu ya yi. Daga wannan shekarar feshi ya ninka a gonarsa, bai kuma koma yadda yake a da ba, domin a shekarar ce kuma tsutsar masara ta bayyana a Najeriya. Ga maganin ciyawa da ya maye gurbin fartanya saboda tsadar 'yan ƙwadago. Kowane feshi yana barin kwalba. Wasu a yar a bakin kanal inda ake haɗa maganin, ruwa ya tafi da su. Masu kyan marfi kuwa yara su kwaso su kawo gida. Da idona na ga kwalbar maganin ciyawa mai cin lita ɗaya an wanke ta da omo an zuba man gyaɗa, tana ajiye kusa da murhu. Na ga wata an mai da ita buta.

2017 zuwa 2021: shara daga birni

Manoman kewayen Kano sun daɗe suna amfani da sharar birni a matsayin taki. A da jakuna ke kai ta da mangala, daga baya tifa ta karɓa. Sharar da can toka ce da kashin dabbobi da ɓawon abinci, taki ne na gaske. Kawu ya fara sayen tifa ɗaya ko biyu duk shekara a cikin waɗannan shekarun, ana juye masa a gonar tudu wajen watan Afrilu, a baza kafin ruwan farko.

Amfanin gona ya yi kyau, wannan ba a musu. Sai dai sharar yanzu ba ta da ba ce. In tifa ta juye, abin da ido ke fara gani baƙar leda ce da ledar fiya wata da kunzugun yara da fasassun kwalabe. Masu bazawa kan tsince manya su bar sauran, garma ta bi ta binne. Shekara ta zagayo a ƙara wata tifar a kai.

Leda ba ta ruɓewa. Wadda ke sama rana ce ke gasa ta har ta yi rauni ta ruguje ƙanana-ƙanana, yadda hannu ba zai iya tsincewa ba. Wadda ke ƙasa kuwa tana nan yadda take, tana tare ruwa, tana tare saiwa. Zuwa 2021 an fara ganin wurare a gonar tudun inda masara ke tsumburewa alhali na kusa da ita ta yi kore shar. In aka tona sai a tarar da saiwa ta kwanta a kan leda ta kasa nutsawa. Garma kuma ta riƙa ɗaure wa, mai huɗa yana tsayawa yana warware leda daga bakinta.

2022: sa ya kwanta

A 2017 buhun NPK na shirin takin gwamnatin tarayya naira 5,500 ne. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, farashin takin zamani ya yi tashin gwauron zabo. Kawu ya ƙara yawan tifa, a karon farko kuma ya sa aka zuba shara a gonar bakin kanal.

A ƙarshen ranin nan ne ɗaya daga cikin shanun huɗar ya fara ramewa. Bayan girbi akan saki dabbobi su yi kiwo a gonar tudu, inda aka jibge sharar. A wannan lokacin ciyawa ta ƙare, ledar da aka ƙulla abinci a ciki kuma tana ɗauke da ɗanɗanon gishiri da mai, dabba ba ta bambancewa. San ya rage ci, ya daina tuƙa sosai, kashinsa ya yi kaɗan, ƙashin baya ya fito amma ciki na nan a kumbure. An ba shi maganin tsutsar ciki sau biyu, an ba shi kanwa, an jiƙa masa sassaƙe. Da aka kira likitan dabbobi ya danna gefen hagu, ya ce akwai abu mai tauri a tumbi, kuma ba abin da zai fitar da shi sai tiyata, ga dabbar ta riga ta galabaita. Kawu ya zaɓi a yanka.

Ina wurin mahauci ya farka tumbin. Abin da ya fito dunƙule ne guda, leda da zaren buhu da guntun igiya sun nannaɗe juna sun yi tauri, sai da mutum ya sa hannu biyu ya ɗaga. Kawu ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. An sayar da naman da arha, damina kuma ta same shi da sa ɗaya, sai da ya yi hayar huɗa.

A daminar ce kuma aka yi ruwa mai yawa a ƙasar nan. Kwalbatin da ke fitar da ruwa daga gonar bakin kanal ya toshe da leda da kwalabe, nasa da na maƙwabta, ruwa ya kwana uku a kan shinkafar da ba ta daɗe da dasawa ba.

Ƙarshen 2022: wuta da rami

Abin da ya fara zuwa masa shi ne abin da ke zuwa wa kowa. Bayan girbi ya sa aka tattara duk robar da ke gonakin biyu, leda da buhu da tsohon tiyo da kwalaben magani, aka tara wuri guda aka cinna wuta.

Tarin bai ƙone ba, narkewa ya yi. Leda mai ƙasa da danshi ba ta kama wuta da kyau, sai ta yi ta turnuƙe baƙin hayaƙi. Yaran da ke juya wutar sun kwana suna tari, idanunsu na ruwa. Tiyo irin na robar PVC yana ɗauke da sinadarin kulorin, in ya ƙone a fili yana fitar da hayaƙi mai cin maƙogwaro da wata guba da ake kira dayoksin, ragowar maganin da ke cikin kwalabe kuma ya bi iska. Da wutar ta mutu aka tarar da baƙaƙen dunƙulalle sun manne da ƙasa kamar kwalta. Wurin bai yi amfanin kirki ba a shukar da ta biyo.

Sai ya koma rami. Aka haƙa a gefen gonar bakin kanal aka tura sauran aka rufe. Ƙasar wurin kuwa ruwa na kusa, ramin bai yi zurfi ba. Da aka zo kaftu garma ta tono rabinsa. Kwalaben maganin da aka binne da marfinsu aka same su yadda aka sa su, da guntun magani a ciki, taku kaɗan daga inda mata ke ɗiban ruwan wanki.

Ya kuma gwada biyan yara su tsince leda daga tarin shara kafin a baza. Kwana biyu aka yi aka daina, bayan da gilashi ya yanki wani yaro a tafin hannu, aka kuma ga allurar asibiti a cikin tarin.

2023: ɗan gwangwan ya ƙi saye

Wani ya gaya masa ana sayen roba a Kano, masana'antu a Sharada da Challawa suna niƙa ta su narkar su yi bokiti da silifa da buta. Gaskiya ne. Sai ya cika buhuna da duk abin da ya samu ya jira ɗan gwangwan da ke zagayowa ƙauyen da kura.

Mutumin ya zazzage buhu ɗaya a ƙasa, ya tsinci fasasshen baho da jarka biyu da murafe, ya ɗora a sikeli, ya ce sauran ko kyauta ba ya so. Bayanin da ya yi shi ne darasin farko da Kawu ya samu a kan lamarin, kuma daga bakin wanda bai taɓa shiga aji ba. Roba ba iri ɗaya ba ce. Ta jarka daban, ta gorar ruwa daban, ta buhu daban, leda daban, tiyo daban, kuma kowacce da zafin da take narkewa. In aka haɗa su a inji kayan da za su fito ba za su yi ƙwari ba, don haka dila ba ya karɓar gauraye. Ledar gona kuma yawancin nauyinta ƙasa ce da ruwa, ga ta da cika wuri ba nauyi. A ƙarshen watan Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, ɗaukar buhun iska zuwa birni ya zama asara tsantsa.

Abin da ya tayar mini da hankali a ranar shi ne kwalaben maganin. Su ɗan gwangwan ya fi so, domin robarsu mai kauri ce, wasu ma ba niƙa su za a yi ba, a kasuwa za a sayar da su yadda suke ga masu neman mazubi. Na ce, "Kawu, waɗannan kam kada a ba shi." Ya dube ni ya ce, "To ɗan nan, in ban ƙona ba, ban binne ba, ban sayar ba, ci zan yi?" Ba ni da amsa a lokacin.

Ranin 2023 zuwa 2024: rariya, turke da ƙusa

Gyaran bai zo a rana ɗaya ba, kuma ba daga wuri ɗaya ba.

Na farko ya shafi taki, shi ne kuma ya fi komai tasiri. Kawu ya daina bari a juye tifa a tsakiyar gona. Ya ware wani lungu ya kewaye da kara da ƙaya, can ake juyewa, tun wajen watan Janairu maimakon Afrilu. Ana yayyafa ruwa, ana juyawa da shebur bayan 'yan makonni, har abin da zai ruɓe ya ruɓe ya yi laushi. Sannan ya sa kafinta ya buga masa rariya irin ta masu tankaɗe yashi a wurin gini, katako da ragar waya, a jingine ta da sanda. Manya biyu masu takalmin roba da safar hannu suke watsa sharar da shebur. Taki ya zube ƙasa baƙi ƙirin, leda da gilashi su gangaro gaba. Tifa ɗaya kan ci musu kwana biyu zuwa uku. Ranar farko da ya ga tarin da ya rage a gaban rariyar, ya tambayi kansa nawa ya biya a wannan a shekarun baya da sunan taki. Tun daga nan yake zuwa da kansa ya ga jujin da za a ɗebo masa, ya fi son sharar kasuwar dabbobi da ta 'yan kayan gwari a kan ta unguwanni, ya kuma koma tara takin garkensa da muhimmanci.

Rariya ba ta kama ƙananan ɓarɓashi, kuma ba ta fitar da abin da ya riga ya shiga ƙasa. Wannan sai a hankali: duk lokacin huɗa mutum ɗaya na bin garma da buhu yana tsince abin da ta tono.

Na biyu dabbobi. Sun koma turke da rani, ana kawo musu harawa da dusa da kara, an ajiye musu gishirin lasa. In za a fita da san ta hanyar da ke da juji, da takunkumi a bakinsa.

Na uku rarrabewa. A zauren gona ya rataye buhuna huɗu. Roba mai tauri, wato jarkar mai da fasassun bokitai da bahuna, tana tafiya wurin ɗan gwangwan a kan sikeli. Gorunan ruwa da na lemo nasu daban. Buhunan taki ba a ma sayar da su sai sun mutu: ana wanke su a ɗinke a yi shimfiɗar shanya shinkafa, waɗanda suka yage kuma wani dattijo a ƙauyen yana warware zarensu yana tufka igiya. Buhunan PICS na ajiyar wake, masu leda biyu a ciki, in dai ba su huje ba ana sake amfani da su shekara da shekara, in sun huje su koma zuba masara. Leda ce mai wahala. Sai da ya shawo kan maƙwabta biyar suka riƙa tarawa tare, a kakkaɓe ƙasa, a shanya ta bushe, a danna a buhu da ƙafa har ya yi nauyi, sannan a jira motar da ta kawo kaya za ta koma birni ba komai. Ledar fiya wata tana samun mai saye. Baƙar ledar da ta sha rana ta ruguje ba ta samu, ita har yanzu tara ta ake a mayar juji.

Na huɗu kwalaben magani. Wani malamin gona ne ya nuna masa wankin sau uku, wanda hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da hukumar lafiya ta duniya, WHO, suka ba da shawara a kai. Da zarar magani ya ƙare, a kife kwalbar a bakin tankin feshi ta tsiyaye na daƙiƙa 30. A zuba ruwa kashi ɗaya cikin huɗu, a rufe, a girgiza na daƙiƙa 30, a juye ruwan cikin tankin, ba a ƙasa ko kanal ba. A yi haka sau uku. Sannan a huda gindinta da ƙusa don kada ta ƙara riƙe mai ko ruwa a gidan kowa. Dole a yi nan take, domin in maganin ya bushe a jikin roba ba ya fita. Abin da ya sa Kawu ya karɓi wannan da sauri shi ne ya ga ruwan wankin farko fari fat, ya gane maganin da ya saya da kuɗinsa ne yake zubarwa. Ya kuma bi gida ya kwashe duk kwalbar da aka mai da mazubi, abin da ya jawo 'yar rigima da matan gidan sai da ya sayo musu sababbin jarkoki.

Inda aka tsaya

Zuwa daminar 2024 garma ta rage ɗaurewa a gonar tudu, ko da yake tana tono leda har yanzu. Ba a sake rasa dabba ba. Kwalbatin bai toshe ba, saboda su shidan suna share shi kafin ruwa ya sauka. Kuɗin da roba ke kawowa kaɗan ne, bai kai ladan masu tankaɗe ba. Ribar tana wurin san da bai mutu ba da takin da ya zama taki.

A ganina, wuta da rami da sayarwar farko sun faɗi ne saboda dalili guda: duka sun ɗauki roba a matsayin abu ɗaya, kuma sun tare ta bayan ta gama shiga gona. Rariyar ta yi aiki domin a ƙofa ta tsaya. Rarrabewa ta yi aiki domin ta bi yadda kasuwar 'yan gwangwan ke tafiya tun asali. Wankin kwalba ya zauna domin manomi ya ga kuɗinsa a ciki. Ban ga dabara ɗaya da ta ɗore a gonar nan don an ce masa muhalli zai gyaru ba, ko da yake muhallin ya amfana.

Amma akwai abin da ya fi ƙarfin Kawu, kuma shi ke ci mini rai. FAO ta ƙiyasta cewa a 2019 harkar noma ta duniya ta yi amfani da roba tan miliyan 12.5, kuma kwalbar guba na cikin mafi haɗari a ciki. A Birazil doka ta wajabta wa manomi ya wanke kwalbar ya mayar da ita cikin shekara guda wurin da aka rubuta masa a rasit, kamfanonin maganin kuma su ɗauki nauyin kwashewa da sarrafawa. Tsarin, mai suna Campo Limpo, ya fara a 2002, yana kuma karɓo fiye da kashi 90 cikin 100 na kwalaben. Robar ba ta komawa mazubin abinci, bututun wayar lantarki da sababbin jarkokin magani ake yi da ita. Najeriya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba a 2020, amma Kawu bai taɓa ganin wanda ya zo karɓar kwalba ba. Wanda ya sayar da guba ya ci riba, shi ya kamata ya karɓi mazubinta, kuma shagon da manomi ya saya nan ne wurin da ya fi sauƙin mayarwa.

Kawu ya gwada. Ya ɗauki buhu guda ya kai wa mai shagon da yake sayen magani, mutumin ya ce ba shi da inda zai kai su. Ya dawo da su a bayan babur. Suna nan a wani tsohon ɗakin ajiya a bayan gida, wankakku, hudaddu, buhu uku yanzu, ƙofar da kwaɗo, makullin a aljihunsa.